Robar wankin ƙodar Umma ta wuce shekara 3, kuma Umma ta hana ni faɗa wa nas abin da na gani

Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyata ce ke fama da ciwon ƙoda, shekararta 61. Yau shekara 3 da wata 4 ke nan ana yi mata wankin ƙoda ta ciki a gida, irin wanda ake zuba ruwa ta roba, a bar shi ya jima, sannan a fitar. Ni ce mai yi mata, sau 4 a rana. Tun da aka sa robar ba a taɓa canja ta ba. Sau ɗaya ruwan ya taɓa gurɓacewa, a shekarar farko, aka ba ta magani ya wuce.

Yanzu abubuwa sun hana ni barci. Robar ta sauya launi, ta yi rawaya-rawaya. Ruwan da yake fita cikin minti 20, yanzu sai ya kusa cin awa ɗaya, shigarsa kuwa lafiya lau. Kwana 10 da suka wuce kuma na ga wani abu fari kamar ƙyalle ya leƙo daga inda robar ta fito, kuma bandejin yana ɗan jiƙewa da wani abu mai kauri. Ruwan jakar dai garau yake, ba zazzaɓi, ba ciwon ciki. Umma ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa wa nas ba, saboda ta sha wuya ranar da aka sa mata robar, ta ce ita da ɗakin tiyata har abada. Kullum sai ta sa na goge wurin da sifirit da aidin har jikin robar, wai zai bushe. Ranar ganin likitanmu saura mako 6. Yayana kuma ya ce ya ji robar shekara 2 take yi, tamu ta wuce wa'adinta, gara a cire a mai da Umma wankin inji, wanda ake tace jini da na'ura a asibiti. Anti, shekara nawa robar nan take yi? Za mu iya jira har ranar likita? In na faɗa, na ci amanar mahaifiyata?

Wata 'yarki da ke cikin damuwa.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Umma lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Na zauna na yi lissafi: sau 4 a rana har wata 40, kin haɗa jaka kin kwance fiye da sau 4,800, kuma sau ɗaya tak ƙwayar cuta ta samu shiga. Ƙungiyar masana wankin ƙoda ta ciki ta duniya, ISPD, a ƙa'idojinta na 2022 ta ce kada gurɓacewar ruwa ta wuce 0.40 a shekara ga kowane mara lafiya, wato kamar sau ɗaya a wata 30. Hannunki ya fi wannan ma'aunin tsabta. Ki riƙe wannan a zuciyarki, domin abin da zan faɗa a gaba ba tuhuma ba ce.

Zan fara da abin da ba ya jira. Ki kira sashen ƙodar da ke kula da Umma yau, in kuma dare ya yi kafin ki karanta wannan, to gobe da sassafe. Ki ce musu zoben robar, wato farin ƙyallen nan da kika gani, ya leƙo waje kuma wurin yana fitar da abu mai kauri. Da waɗannan kalmomin za ki faɗa. In kika ce “akwai ɗan abin da nake so a duba mana”, sai a ce ku zo ranarku. Mako 6 ya yi nisa ƙwarai.

To, ga tambayarki ta farko. Robar nan ba ta da ranar ƙarewa. An yi ta ne don ta zauna. Wani likita mai suna Henry Tenckhoff ne ya fito da fasalinta a birnin Siyatil na Amurka a 1968, kuma yawancin waɗanda ake sawa a duniya yau 'ya'yanta ne da jikokinta. Kafin a samu roba mai zama, huda cikin mara lafiya ake yi duk lokacin da za a yi masa wanki, a zura roba, a cire in an gama. Da silikon ake yin roba mai zaman, abu mai laushi wanda jiki ba ya narkar da shi, ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa. Kaurinta kamar milimita 5 ne. Ƙarshenta mai ƙananan huji yana kwance can ƙasan mara, a bayan mafitsara, inda ruwa ke taruwa. A jikinta akwai zobba biyu na wani ƙyalle mai gashi-gashi. Ɗaya yana binne a cikin naman bangon ciki, ɗayan yana ƙarƙashin fata, kamar santimita 2 daga mafita, wato inda robar ta fito waje. Cikin makonnin farko nama yana tsirowa ya shige cikin gashin zobban ya riƙe su gam, shi ya sa ake son a bar sabuwar roba ta huta mako 2 kafin a fara aiki da ita. Zobban nan suna hana robar motsi, suna kuma tare wa ƙwayoyin cuta hanya, kamar ƙofa biyu a kan rariya ɗaya.

Idan robar tana shigar da ruwa tana fitarwa, kuma ba ta ɗauki cuta ba, babu likitan da zai cire ta don kawai ta tsufa. Ma'aunin da ISPD ta gindaya wa asibitoci a 2019 shi ne fiye da kashi 80 cikin 100 na robobin da suka sa su kasance suna aiki bayan wata 12, in kuma da tiyatar kyamara ta zamani aka sa, fiye da kashi 95. Ki lura a shekarar farko aka tsai da ma'aunin, domin a nan ne yawancin matsalar sawa ke fitowa. Wadda ta tsallake wannan shekarar lafiya takan yi shekaru, kuma akwai waɗanda suka wuce shekara 10 da roba ɗaya.

Ina zaton na san inda Yayanki ya samo shekara 2. Akwai guntuwar robar da ke ɗaure a bakin babbar, wadda kike murɗawa ki buɗe ki rufe. Ita kam tana da lokaci, nas ke canja ta duk bayan wata 6. Robar fitsari ma ana canja ta bayan 'yan makonni, mutane kuwa duk roba roba ce a wurinsu. Gaskiya ne kuma cewa mutane da yawa suna barin wankin ciki cikin 'yan shekaru, wasu don an yi musu dashen ƙoda, wasu don cuta ta yawaita musu, wasu don mai taimakonsu ya gaji. Wanda ya ji wannan daga nesa sai ya ɗauka robar ce ta ƙare.

Launi shi ne mafi sauƙi a cikin abubuwan da kika lissafa. Silikon yana rinewa da daɗewa, aidin kuma yana ƙara rina shi. Rawaya kaɗai ba ta nuna roba ta mutu. Abin dubawa shi ne jikinta. Ki wanke hannu, ki ɗaga ta a haske, ki bi ta a hankali daga fata har zuwa ƙarfen da ya haɗa ta da guntuwar. Kina neman tsaga, ko wurin da ya kumbura kamar balan-balan, ko wurin da ya yi laushi fiye da sauran, ko danshi a inda bai kamata ba. Dab da ƙarfen haɗin nan ne ta fi tsagewa, saboda a nan take lanƙwasa kullum.

Sifirit da aidin ɗin nan kuwa a daina su daga yau, sai in nas ce ta ce a yi. Suna ƙona sabon naman da ke ƙoƙarin rufe wurin, fatar ta bushe ta tsattsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Robar ma ba sa barin ta, suna gajiyar da ita a hankali har ta yi rauni. Akwai wata irin roba da ake yi da foliyuretan maimakon silikon, ita ma ta fi saurin lalacewa da sifirit da wasu man shafawa. Man kashe ƙwayoyin cuta da asibitoci ke bayarwa don shafawa kullum, mufirosin ko jentamaisin, yana da amfani sosai, amma ɗan kaɗan ake sawa a kan fata, ba a damalmala shi a jikin roba. Kafin ku isa asibiti, ki wanke wurin da abin da aka koya miki tun farko, ki busar da shi da tsabtataccen bandeji, ki rufe, ki manne robar a jikin fata da filasta yadda ko ta maƙale a tufa ba za ta ja bakin wurin ba. Almakashi da reza da allura kada su kusanci wurin. Na taɓa ganin dattijon da robarsa ta yi shekaru lafiya, rana ɗaya ya ɗauki almakashi zai rage filasta, ya haɗa da ita. Allah ya taimake shi yankan ya yi nisa da fata, aka datse aka sa sabon haɗi. In irin haka ta taɓa faruwa, ki matse robar da abin matsewa tsakanin hujin da fata, ki rufe da tsabtataccen bandeji, kada ki ƙara zuba ruwa, ku tafi asibiti a lokacin, domin za a ba ta maganin rigakafi.

Jinkirin fitar ruwa kuma, kin ba ni amsarsa da kanki ba ki sani ba, da kika ce shiga lafiya lau. In roba ta lanƙwashe ko wani gudan abu ya toshe ta, shiga da fita duka sukan yi wuya. In kuwa ruwa yana shiga da gudu amma fita ta gagara, yawanci wani abu ne a cikin ciki yake kwantowa a kan hujojin idan ruwa ya fara ja. Babban mai laifi a nan, wanda ya fi kowa, taurin bayan gida ne. Mutane ba sa son jin haka, suna ganin an raina musu matsala. Hanji in ya cika ya kumbura sai ya danne ƙarshen robar, wani lokacin ya ture ta daga mara ta haura sama. Na sha kallon hoton cikin mara lafiya da ya rantse kullum yana zagayawa, ga babban hanji a cike maƙil tun daga dama har hagu, ga farin layin robar ya juya kai yana kallon haƙarƙari. Zagayawa kullum ba shaida ba ce cewa hanji ya sauke kayansa. Masu wankin ƙoda kuwa komai ya taru a kansu: ƙwayoyin rage fosfet da ake sha da abinci, ƙwayar ƙarin jini, taƙaita shan ruwa, ƙarancin motsi. Ki tambayi Umma, cikin sirri da ladabi, yaya bayan gidanta yake a watannin nan.

Maganin wannan sau da yawa kwana 2 ko 3 ne na maganin sassauta ciki, hanji ya motsa, robar ta koma mazauninta da kanta. Amma likita ne zai zaɓa, domin masu ɗauke da magnesiyam ko fosfet haɗari ne ga wanda ƙodarsa ba ta tace jini. In ba hanji ba ne, akwai wani mayafin kitse da ke rataye a kan hanji, wanda aikinsa ya nannaɗe duk baƙon abu da ya gani a ciki, wani lokacin sai ya nannaɗe robar. Wannan da tiyatar kyamara ake warware shi, a ɗaure kitsen a sama, robar ta ci gaba da aikinta. Akwai kuma wani farin zare-zare da za ki iya gani yana yawo a jakar, kamar auduga ta jiƙa. Shi ma yana toshe huji, ana sa maganin hefarin a cikin ruwan wankin don hana shi daskarewa. Duk waɗannan ana gyara su ba tare da an rasa roba ba. Abin da za ki iya yi a gida kaɗan ne: ki tabbata jakar fitarwa tana ƙasa sosai, Umma ta yi fitsari kafin a fara, ta juya dama da hagu, ta tashi zaune ko ta miƙe tsaye in ruwan ya tsaya. Kada ki zuƙa da sirinji, kada ki zura komai a ciki.

Yanzu ga wanda ya sa na ce ki kira yau. Farin ƙyallen da kika gani zoben waje ne, wanda ya kamata ya kasance a ɓoye ƙarƙashin fata. Yakan fito in robar tana yawan jawuwa, ko mutum ya rame, ko tun farko an sa shi kusa da mafita, ko kuma cuta ta ci naman da ke riƙe da shi. Da zarar ya fito, amfaninsa ya juye ya zama illa. Gashin nan da nama ke kamawa ya zama soso, yana shan danshi yana tara ƙwayoyin cuta a bakin ƙofa. Abu mai kauri da ke ɓata bandeji kuma, in mugunya ce, sunansa cutar mafitar roba, ko da wurin bai yi ja ba, ko da ba ya zafi. Haka masana suka fassara ta: fitar mugunya kaɗai ta isa.

Ƙwayoyi biyu aka fi tsoro a wurin nan, Staphylococcus aureus da Pseudomonas aeruginosa. Halinsu shi ne su manne a jikin roba su yi wa kansu wani yauƙi, kamar gansakuka a inda ruwa ke kwanciya, magani ya zo ya wuce ta samansu. Daga mafita sai su bi hanyar robar ƙarƙashin fata, sannu a hankali, har su kai zoben ciki. In suka tsallake shi sun shiga cikin ciki. Ruwan Umma garau yake, wannan albishir ne, yana nuna ƙofa ta biyu tana riƙe. Kwana 10 sun riga sun tafi, ban san kwana nawa suka rage mata ba, ke ma ba ki sani ba.

Ki ga bambancin zuwa asibiti yanzu da zuwa daga baya, domin da shi za ki shawo kan Umma. In kun je a wannan makon, za a shafo mugunyar da ɗan tsinken auduga a kai ɗakin gwaji, a danna hanyar robar a ji ko akwai kumburi ko zafi, wataƙila a yi sikanin a ga ko ruwa ya taru a kewayen zoben ciki. Za a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta gwargwadon abin da gwaji ya nuna, in Pseudomonas ce a kai mako 3. Zoben da ya fito kuma ana iya fere shi. Aiki ne na haƙuri: a fito da shi sarai, a riƙa ɓare ƙyallen kaɗan-kaɗan har jikin robar ya yi sumul, galibi da allurar kashe zafi a wurin kawai, mutum yana kallo yana hira. In hakan bai wadatar ba, akwai dabarar datse ɓangaren waje a haɗa sabo a fitar da shi ta wata mafitar, ɓangaren ciki yana nan ba a taɓa shi ba. Ko ta kai ga canji, muddin ruwa bai gurɓace ba, ana iya cire tsohuwa a sa sabuwa a ɗaya gefen a zama ɗaya, a ci gaba da wankin ciki da ruwa kaɗan tana kwance har wurin ya warke.

In kuwa aka jira har cutar ta bi roba ta shiga ciki, lissafi ya canja. Gurɓacewar da ta taso daga hanyar roba ba ta cika jin magani ba sai an cire robar. Ƙa'idar ita ce in an yi kwana 5 ana ba da maganin da ya dace ruwa bai washe ba, a cire. In ƙwayar fangas ce, wato dangin funfuna, ba a ma jira. Bayan an cire, ba a mai da sabuwa sai ciki ya huta aƙalla mako 2, a tsakanin kuma sai an sa mata wata robar a jijiyar wuya an yi mata wankin inji. Tiyata biyu ke nan da kwanciya a asibiti, kuma wasu ba sa iya komawa wankin ciki bayan haka saboda tabon da cutar ta bari. Abin da Umma take gudu, shirun nan shi yake kai ta gare shi.

Maganar amana. Na fahimci nauyinta, uwa ta kama hannunki ta ce ki rufa mata. Amma ki duba abin da ta roƙa a zahiri. Tsoron wuƙa ne ya yi magana da bakinta, so take kada a sake yanka ta. Wannan buƙatar za ki iya yi mata hidima, kuma hanyar ita ce ta asibiti. Shawarata kada ki kira a ɓoye. Wadda kike buɗe wa ciki sau 4 a rana, in ta daina yarda da ke, gobe ciwon ciki ma sai ta ɓoye miki, wannan kuwa ya fi komai haɗari. Ki zauna kusa da ita lokacin da ruwa ke fita, lokacin da ba inda za ta, ki ce mata: “Umma, na yi miki alkawari ban san abin da nake gani ba. Yanzu na tambaya na sani. In muka je yanzu, magani ne da ɗan gyara a waje. In muka bari, shi ne za a kai ki inda ba kya so. Ki yafe mini, zan kira su, kuma ina son ki ji da kunnenki.” Ki kira a gabanta. Za ta iya yin fushi, ta yi kwana ɗaya ba ta kula ki ba. Ki jure. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, nas ɗin nan kuwa cibin Umma ne aikinta.

Kada kuma ki raina wuyar da ta ce ta sha. Wasu an sa musu roba allurar ba ta kama sosai ba, wasu sun yi kwanaki suna jin kamar ana tsikarar su a mara duk lokacin da ruwa ya ƙare fita. Wanda bai ɗanɗana ba sai ya ce raki ne. Ki tambaye ta mene ne takamaimai ya fi ba ta wuya a ranar, ki faɗa wa likita a gabanta, ki nemi a yi mata bayanin kowane mataki kafin a taɓa ta, a kuma gaya mata irin maganin kashe zafin da za a ba ta. Tana da haƙƙin ta ce a dakata. Mutum in ya san yana da wannan haƙƙin, yakan fi sakin jiki.

Yayanki kuma kada ki yi masa gardama, ki gyara masa tambayar. Akwai abin da ke tsufa a wankin ciki, shi ne tantanin da ya shimfiɗu a bangon ciki ya lulluɓe hanji, wanda shi ne matacin da ke aikin ƙodar. Sukarin da ke cikin ruwan wanki, da kowace gurɓacewa da aka yi, suna sauya shi a hankali cikin shekaru, ya yi kauri, ya rage jan ruwa. Alamarsa ita ce ruwan da ke fita ya riƙa raguwa ko da robar tana gudu, ƙafa ta kumbura, hawan jini ya ƙi sauka, a riƙa komawa jaka mai sukari da yawa. Akwai gwajin da ake auna ƙarfin tantanin da shi, na awa 4, ana ɗibar ruwan ciki da jini. Ya tambayi likita yaushe aka yi wa Umma na ƙarshe, me ya nuna, kuma nawa ya rage na fitsarin da take yi da kanta. Ragowar aikin ƙodar nan dukiya ce, shi ya sa magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ba nata ba ne. In gwaji ya nuna tantanin ya fara gajiya, sai a fara shirin wankin inji a natse, a haɗa mata jijiyar hannu tun da wuri, domin tana ɗaukar makonni ko watanni kafin ta nuna a fara amfani da ita. Wankin inji yawanci sau 3 ne a mako, awa 4 kowane zama, ga zirga-zirga, ga taƙaita ruwa da abinci fiye da yanzu. Yana ceton rai, kuma wata rana yana iya zama shi ne daidai ga Umma. Amma sakamakon gwaji ne zai faɗi ranar, tare da ra'ayin ita mai jikin, wadda ban ji kowa ya tambaye ta ba a wasiƙarki.

Abu biyu da za ki tuna wa likita in an rubuta mata magani, don wani lokacin aiki kan yi yawa a manta. Duk sanda mai wankin ciki zai sha maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwanaki, ana so a haɗa masa da na rigakafin fangas, nistatin ko fulukonazol. Sannan a duba sinadarin fotasiyam na jininta, domin ƙarancinsa yana ƙara taurin ciki, yana kuma ƙara haɗarin gurɓacewar ruwa. In akwai kyanwa a gidan, a raba ta da ɗakin wanki, suna son wasa da robobin nan, cizo ɗaya ya isa.

Daga yanzu zuwa lokacin da za ku isa, kowace jaka da ta fito ki ɗora ta a kan takarda mai rubutu ki duba ta cikin ruwan. In kina karanta haruffa tar, madalla. In suka yi dishi-dishi, ko Umma ta ce cikinta yana ciwo, ko jikinta ya yi zafi, ko ta fara amai, to ba maganar gobe, ku tafi a daren, ki ɗauki jakar gaba ɗaya ki tafi da ita, domin a cikinta za a ƙirga ƙwayoyin. Kada ki ba ta ragowar wani maganin da ke gida kafin a ɗebi gwaji, yana ɓatar da sawun cutar. Zoben kuma kada ki tura shi ciki, kada ki ja shi, kada ki yanke.

Ranar tafiya ki cire bandejin safe ki sa a tsabtatacciyar leda ki nuna musu, ki ɗauki hoton wurin da waya kafin ki wanke, ki tafi da littafin da kike rubuta awon ruwa da duk magungunan da take sha, har da kwalaben sifirit da aidin ɗin, ki ce ga abin da ake gogawa kwana 10. Ba wanda zai yi miki faɗa, in ma an yi, ki bar shi ya bi iska. Ki gaishe mini da Umma, ki ce Anti tana yi mata sannu. Ki rubuto mini abin da gwajin ya nuna.